Mene ne Jibin Ubangiji, kuma yaya ake shirya shi?

Jibin Ubangiji shi ne cin gurasa da shan ruwan inabi da Kiristoci suke yi tare a cikin sujada, bisa umarnin da Yesu Almasihu ya ba almajiransa a daren da aka bashe shi. Jibin nan ba wanda ke bin bayan gobe ba ne, tsohuwar kalma ce mai nufin cin abinci, kuma da ita Littafi Mai Tsarki na Hausa ya kira wannan hidima a 1 Korantiyawa 11:20. A bakin jama'a an gajarta shi: yau akwai jibi, wance ta fara cin jibi, an dakatar da wane daga jibi. Wasu ikilisiyoyi suna ce masa Tarayya Mai Tsarki, 'yan Katolika kuwa Yukarist, daga kalmar Helenanci mai nufin godiya.

Labarin kafa shi ya zo a wuri huɗu: Matiyu 26, Markus 14, Luka 22, da 1 Korantiyawa 11, wadda Manzo Bulus ya rubuta wajen shekara ta 55. Ana cikin cin abincin Idin Ƙetarewa na Yahudawa a Urushalima, Yesu ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura, ya ba su, ya ce wannan jikinsa ne. Bayan cin abinci ya ɗauki ƙoƙo, ya ce wannan sabon alkawari ne da jininsa, ya kuma ce su riƙa yin haka domin tunawa da shi. Waɗannan abubuwa huɗu, ɗauka, godiya, gutsuttsurawa da bayarwa, su ne ƙashin bayan hidimar a kowace ɗarika. Justin Mai Shahada, wani marubucin Kirista na farko-farko, ya bayyana sujadar Lahadi wajen shekara ta 150, kuma wanda ya saba shiga majami'a yau zai gane ta: karatu, wa'azi, addu'a, sai a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, shugaba ya yi godiya, jama'a su ce amin, a rarraba, dikinoni, wato masu hidimar ikilisiya, su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Inda Kiristoci suka rabu shi ne a kan "wannan jikina ne". Katolika sun tsaya a kan cewa idan Fada, wato limaminsu, ya faɗi kalmomin Yesu don keɓe su, ainihin gurasar da ruwan inabin ya zama jiki da jinin Almasihu, ko da yake kama da ɗanɗano suna nan yadda suke. Babban taron shugabannin cocinsu, Majalisar Lateran ta 4, ta faɗi haka a 1215, Majalisar Trent ta jaddada a 1551. Daga cikin jagororin Furotesta da suka rabu da Katolika, Martin Luther bai yarda gurasar ta daina zama gurasa ba, amma ya dage cewa jikin Almasihu yana nan da gaske tare da ita. Ulrich Zwingli na Zurich ya ce alama ce ta tunawa. Su biyun sun zauna a Marburg ta ƙasar Jamus a 1529, suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan wannan ɗaya. John Calvin ya ratsa tsakani: Almasihu yana ciyar da mai ba da gaskiya ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Wannan tsohuwar muhawara ce ta sa ɗan LCCN, wato cocin Lutheran, daga Numan, da ɗan ECWA, da ɗan Katolika za su ba ka amsa uku idan ka tambaye su abin da ke cikin farantin. Daga amsar kuma sauran dokoki suke fitowa, tun daga wanda zai jagoranta har zuwa yadda za a yi da ragowa.

Wa ya isa ya ci? Tun a ƙarni na farko an keɓe shi ga wanda aka yi wa baftisma. A ikilisiyoyin da ba sa yi wa jarirai baftisma, kamar ECWA da Baptist, mutum yana fara cin jibi ne bayan ya gama ajin baftisma an nutsar da shi. Anglika da Lutheran bisa al'ada suna jira sai an yi wa yaro tabbatarwa, wato ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Katolika suna ba yaro tun yana da kimanin shekara 7, bisa dokar da Paparoma Pius na 10 ya fitar a 1910, bayan katikis ya koyar da shi ya kuma yi furcin zunubi na farko. Suna kuma da sharaɗin kame baki awa ɗaya kafin karɓa, ban da ruwa da magani, kuma ba sa ba wanda ba ɗan Katolika ba sai a yanayi na musamman. Baƙo ya tambayi dattijon da ke bakin ƙofa kafin ya shiga layi, ya fi a mai da shi a gaban bagade. Sai batun horo, wato ladabtarwa: wanda ikilisiya ta sa a ƙarƙashin horo ba ya ci sai an karɓe shi a gaban jama'a. Coci-coci da yawa a arewa ba sa ba namiji mai mace fiye da ɗaya, ko da yake taron bishof-bishof na Anglika a Lambeth ya amince a 1988 a yi wa wanda ya tuba da matansa baftisma da tabbatarwa, muddin ba zai ƙara wata ba kuma ikilisiyar wurin ta yarda.

Yawan yinsa ma ya bambanta. Katolika kullum suke yi. Calvin ya so a yi kowane mako, hukumar Geneva ta tsai da sau 4 a shekara. Ikilisiyoyin bishara da dama suna yi wata-wata, sau da yawa Lahadin farko, amma a ƙauyen da mai bishara ne kawai ke riƙe da majami'a sai ranar da Rabaran ya zagayo, domin wanda aka naɗa ko aka ba izini ne kaɗai ke ba da jibi. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN), wadda ta samo asali daga mishan da aka kafa a Garkida a 1923, ta gaji al'adar haɗa jibi da wankin ƙafa da cin abinci tare, bisa Yahaya 13.

Shiri yana farawa da ƙidaya, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Ba yawan masu zuwa sujada ake lissafawa ba, yawan masu cin jibi ne. A duba adadin waɗanda suka ci a karon da ya wuce, a ƙara kashi 1 cikin 10. Lokacin Ista da Kirsimeti, da 'yan birni suke komawa gida, ƙarin ya wuce haka nesa. Ƙananan kofunan da ake jerawa a tire mai ramuka kan ɗauki kimanin mililita 15, amma ba a cika su fal. Kashi 2 cikin 3 ya isa, wato mililita 10, don kada hannun tsohuwa ya yi rawa ya zube mata a zani. Lita ɗaya ke nan za ta ba da kofi 100. Tire ɗaya yakan ɗauki kofi 40, saboda haka mutum 300 suna buƙatar tire 8 da lita 3, da ƙarin rabin lita saboda abin da ke zubewa. Kada a zuba daga bakin kwalba kai tsaye. Ƙaramar buta mai siririn baki, ko robar ruwa sabuwa da aka huda murfinta, ta fi sauri kuma ba ta jiƙa tiren, domin tiren da ya jiƙe da zaƙi yana manne kofuna, mai ɗauka ya fizga ya watsa wa na kusa da shi.

Idan burodin shago za a yi amfani da shi, a zaɓi marar sukari da yawa, a cire ɓawon, a yanka gutsi-gutsi kamar kan ɗan yatsa. Yanka ɗaya zai ba da gutsi 20 ko fiye, babban burodi guda ya ishi mutum 300. A bar yanka ɗaya cikakke wanda fasto zai ɗaga ya gutsuttsura a idon jama'a. Da safiyar Lahadi ake yankawa, ba daren Asabar ba: a hunturu gutsin da ya kwana yakan bushe ya yi ta marmashewa, da damina kuma ya yi fumfuna. Siraran gurasar nan masu zagaye da Katolika da Anglika suke amfani da su akasin haka suke, bushewa ce lafiyarsu, danshi ne ke sa su laushi su manne da juna, don haka a ajiye su a gwangwani mai rufi sosai. Dokar Katolika ta ce lallai gurasar ta zama ta alkama zalla, marar yisti a tsarin Roma. Orthodox na Girka da Rasha da Kibɗawan Masar kuwa mai yisti suke amfani da ita.

Abin sha shi ne aka fi yin gardama a kai. Ƙarni da yawa ruwan inabi mai sa maye ake amfani da shi, ana ɗan tsarma shi da ruwa, kuma har yau haka Katolika da Orthodox suke yi. A 1869 wani likitan haƙori ɗan Methodist a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan inabi don hana shi tsami, ikilisiyoyin da ke ƙin barasa suka rungumi abin. Ƙananan kofuna ma daga Amurka suka fito a shekarun 1890, saboda tsoron kamuwa da cuta ta ƙoƙo ɗaya. 'Yan mishan da suka zo arewa da yawansu daga wannan al'ada suke, shi ya sa a majami'u da dama ba a san jibi da barasa ba. Inda ruwan inabi ya yi tsada ko babu shi, za ka ga an yi da wani jan lemo na kwalba, wani wuri har zoɓo. Yesu dai ruwan 'ya'yan inabi ya ambata, kuma inda ana iya samunsa babu dalilin sauyawa. Inda kuma dole ta sa, shugabannin ikilisiya ne ya kamata su yanke shawara, ba wanda aka aika kasuwa ba. Abin lura: ruwan da ba shi da barasa ba ya jure zafi. Kwalbar da aka buɗe aka bar ta a ɗakin ajiya har wata mai zuwa, musamman a watan Maris da Afrilu, za a same ta ta yi kumfa ta yi tsami. A ɗanɗana kafin a zuba, a kuma rufe tebur da farin mayafi saboda ƙuda da ƙura. Idan akwai tururuwa, a sa ƙafafun teburin cikin 'yan gwangwanaye masu ruwa.

Inda ake shan ƙoƙo ɗaya, mai bayarwa yana goge bakin ƙoƙon ciki da waje da tsabtataccen ƙyalle, ya ɗan juya shi kafin ya miƙa wa na gaba. Barin kowa ya tsoma gurasarsa da kansa ba tsabta ba ce, yatsu ne ke shiga ciki. Lokacin cutar Ebola a 2014, Katolika a Legas sun koma ba da gurasa a tafin hannu maimakon a harshe, suka kuma dakatar da gaisuwar hannu a cikin sujada.

A lokacin hidimar, bayan wa'azi, fasto yana karanta kalmomin kafawa, wato abin da Yesu ya faɗa a kan gurasa da ƙoƙo, ya ba da lokacin shiru don binciken zuciya da furci, ya yi addu'ar godiya, sannan dattawa su rarraba, gurasa tukuna, ƙoƙo daga baya. A sanar tun farko ko kowa zai ci da ya karɓa ko za a jira a ci tare. In ba a faɗa ba, rabin majami'a sun haɗiye, rabi suna riƙe suna kallon juna. A raba wa kowane dattijo layukansa, a kuma sa wani ya tuna da mawaƙa, masu tsaron ƙofa, da uwayen da suka fita waje da jarirai, domin su aka fi tsallakewa.

Akwai kuma matsalar da ba ta tire ba. Da an ce za a fara jibi, sai ka ga masu baftisma suna sulalewa, wasu shekara da shekaru ba su ci ba, saboda ayar da ta ce wanda ya ci da rashin cancanta ya ci wa kansa hukunci. A karanta 1 Korantiyawa 11, inda ayar take, daga aya ta 17. Laifin Korantiyawa shi ne masu hali suna riga cin nasu, wani yana jin yunwa wani ya bugu, ana kunyata marasa shi. Maganin da Bulus ya bayar a aya ta 28 shi ne mutum ya gwada kansa sa'an nan ya ci, a aya ta 33 kuma su jira juna. Bai ce a ƙaurace ba. Mai gaba da ɗan'uwansa ya je ya shirya da shi kafin Lahadi, kamar yadda Matiyu 5:23-24 ya nuna. Abin da ya sa ake sanar da jibi mako guda kafin ranar ke nan. A ɗaya gefen kuma akwai masu ɗaukarsa kamar laya, su ɓoye gutsi a gefen zani su kai gida don maganin mayu ko ciwo. Babu wata tsohuwar ɗarika da ta koyar da haka, kuma dattawa su lura cewa abin da aka karɓa an ci shi a wurin.

Idan abin ya kusa ƙarewa kafin layi ya ƙare, Fada yakan kakkarya gurasar da ta rage ƙanana ko ya ɗebo daga akwatin ajiya na bagade, limamin Anglika kuwa sai ya keɓe ƙari da kalmomin kafawa. Ragowa ma kowa da tsarinsa. Katolika suna shanye ƙoƙon, su ajiye gurasar a wannan akwati don marasa lafiya. Littafin addu'ar Anglika na 1662 ya ce a cinye abin da aka keɓe cikin ladabi da an sa albarka. A ikilisiyoyin bishara fasto da dattawa sukan cinye, ko a zuba ruwan a ƙasa mai tsabta, ba a kwata ba, kuma ba a raba wa yara kamar alewa. A ware na tsofaffi da majinyata a ƙaramin akwati a kai musu ranar, kafin ya lalace. Kofunan kuma a wanke su nan take da ruwan zafi da sabulu, a kife su su bushe sarai kafin a jera, domin kofin da aka tura cikin ɗan'uwansa da danshi baƙin fumfuna yake yi a gindi kafin wata ya zagayo.