A Bar Wa Iska Hanya a Ɗakunanmu

Jama'a, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kuma a wannan tsakanin ne sanƙarau ya fi ɓarna. Annobar 1996 kaɗai ta hallaka mutum sama da dubu goma a arewacin Najeriya. Cutar tana bin tari da numfashi, kamar tarin fuka da ƙyanda. To, ina ga ɗakin da mutum takwas ke kwana, tagarsa ɗaya, ita ma an toshe ta da kwali saboda ƙura?

Ɗaki yana buƙatar taga biyu masu kallon juna, iska ta shiga nan ta fita can. Idan sauro ne damuwar, a sa raga. Mai ginin bulo da kwano ya daure ya yi silin, ya bar ƴar kafa a sama inda zafi zai fice. Farin fenti a kan kwano yana rage zafi sosai, haka darbejiya a yammacin gida. Magabatanmu masu soron ƙasa sun huta da wannan wahala, domin katangar tubali mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafin rana.

Masu na'urar sanyaya ɗaki kuwa, ku ne kuka fi ba mu tsoro. Irin wadda ake maƙalawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska. Ta cikin ɗakin take zuƙa, ta sanyaya, ta maido muku. Idan mai tari na zaune a ofis ko ɗakin jiran ganin likita, kowa zai sha rabonsa, sai dai da sanyi. Ku riƙa buɗe tagogi safe da yamma, ku ciro ragar da ke tace ƙura ku wanke ta duk bayan mako biyu.

Kuma me ya kai mutum saita na'urar a digiri 16 har yana jan bargo a watan Afrilu? Ku ajiye ta a 25, ku kunna fanka. Kuɗin wuta da man janareta za su ragu, hayaƙin da ke ɗumama duniya ma haka. Idan gas ɗin na'urar na yawan ƙarewa, yoyo take yi. A sa mai gyara ya toshe kafin ya ɗura wani, don gas ɗin ya fi hayaƙin mota ɗumama yanayi nesa ba kusa ba.

Janareta kuma a waje, nesa da taga. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci. Duk wanda ya tashi da ciwon kai da jiri janareta na aiki, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti.