Ɗaliban jami'a a Kumasi: maza ko mata, su wa suka fi niyyar kafa kasuwanci?

Da gaske ne maza sun fi mata wannan niyya?

A yawancin binciken da ake yi wa ɗalibai a ƙasashe daban-daban, in an tambaye su ko suna da niyyar kafa kasuwanci, maza sun fi amsawa da "eh". Amma niyya ake aunawa, ba aiki ba. Masu binciken kan bi tsarin da masanin halayyar ɗan Adam Icek Ajzen ya fitar a 1991, wato su duba yadda mutum yake kallon abin, da abin da na kusa da shi suke tsammani daga gare shi, da kuma yadda ya yarda cewa zai iya. A na ukun ne mata suka fi ja baya.

To, ba mata ne ke riƙe da kasuwa a Gana ba?

Su ne, kuma nan ne abin yake ci mini rai. Duk wanda ya shiga Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ya san masu rumfunan. A 2018 ƙididdigar kamfanin Mastercard ta sa Gana a gaba, inda mata suka kai kashi 46.4 cikin ɗari na masu kasuwanci. Esther Ocloo ma, wata 'yar kasuwar Gana, tun 1942 ta fara sarrafa lemu tana sayarwa, har abin ya zama kamfanin Nkulenu.

Sai dai uwar da take tashi kafin asuba a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ta dama koko ta soya ƙosai don ta biya wa 'yarta kuɗin KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ba ta son ganin 'yar a gaban kasko. Kullum faɗarta ke nan: "Ki yi karatu ki samu aikin ofis, kada ki sha wuyar da na sha." Ita kuwa 'yar, ga ta tana sayar da mayafai da turare a ɗakin kwanan ɗalibai, ana biyan ta ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, amma in ka tambaye ta ko tana da niyyar kasuwanci sai ta ce a'a. A wurinta kasuwanci sai kamfani mai rajista. Ɗan ajinta mai gyaran waya kuwa tuni ya raɗa wa sana'arsa suna.

Jari fa?

Banki jingina yake nema, fili ko gida, takardun kuwa galibi da sunan maza suke. Shi ya sa mata suke komawa ga adashi, wanda a nan ake kira susu. Akwai MASLOC ta gwamnati mai ba da ƙananan rance, amma ƙaramin rance ƙaramar sana'a yake tayarwa. Ga maganar aure, da takan taso kafin ma a gama shekarar bautar ƙasa.

Me jami'a za ta iya yi?

Ta gayyato matan Kejetia aji su koyar da yadda ake juya jari da bin bashi. Sannan ta nuna wa mai sayar da mayafan nan yadda ake rajistar sunan sana'a a ofishin rajistar kamfanoni tun tana aji biyu, ta kuma koya mata rubuta cinikinta a littafi, domin littafin nan banki zai nema ranar da ta je neman rance.