15 ga Maris: daga Roma zuwa filin Giginya

In 15 ga Maris ta zagayo, hunturu ya riga ya tattara kayansa, bazara ta fara gasa Sakkwato. Masu bibiyar tarihin duniya kan tuna cewa a ranar ce aka daddaɓa wa Julius Kaisar wuƙaƙe a taron majalisar Roma, shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ranar ce kuma, a 1917, Sarkin Rasha Nikolas na biyu ya yi murabus. Ita ce ranar haihuwar Andrew Jackson, shugaban Amurka na bakwai, a 1767, da Paul Pogba a 1993, wanda samarinmu na gidan kallon ƙwallo ba sa bukatar a gabatar musu da shi. Ba za mu manta da Juma'ar 2019 ba, da wani ɗan bindiga ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch, ƙasar New Zealand. Allah ya jiƙansu.

Amma mu nan, ranar tana da nata nauyin, kuma abin yana ci mini rai yadda take wucewa shiru. Ran 15 ga Maris 1903 ne rundunar Ingila, ƙarƙashin Kanar Morland, ta tsaya a bayan ganuwar Sakkwato. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bai fi wata biyar a kan gado ba, don a Oktoban 1902 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya gada, ya rasu. An yi ta shawara: wasu na ganin a yi sulhu, wasu a yi hijira, wasu a fita daga. Aka fita.

Takobi da mashi da kwari da baka suka fuskanci igwa da bindiga mai jigida a filin Giginya. Kafin rana ta take, an gama. Abin da har Turawan suka rubuta shi ne mutanen da suka kewaye tuta suka ƙi gusawa, ɗaya na faɗuwa ɗaya na riƙewa. Daular da Shehu Usmanu ya kafa tun 1804 ke nan, shekara 99. Yau kuwa, ka ce Giginya, yaro zai nuna maka filin wasa ko barikin soja.

Waziri Buhari ya zauna da sauran jama'a, ya yi sulhu don kada addini ya rasa masu riƙe shi a gari. Ran 21 ga Maris Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya naɗa Attahiru na biyu Sarkin Musulmi. Shi kuwa Attahiru na ɗaya ya nausa gabas, talakawa na barin gonakinsu suna bin sa, har ya yi shahada a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, ran 27 ga Yuli. Ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da ragowar jama'a Sudan, inda garin Maiurno ke bakin Kogin Nilu har gobe, ana jin Fulatanci da Hausa a kasuwarsa.