Waiwaye: Yadda Tsoron Jirgin Ƙasa Ya Ɓace a Bakin Dogo

Duk sanda aka ji jirgin ƙasa ya buge yaro, ko aka ga bidiyon samari suna ɗaukar hoto a tsakiyar layin dogo, sai muhawara ta tashi. Wasu su ce a katange layin, wasu su ce a sa darasin kiyaye kai a makarantu, wasu kuma su ce ina iyaye suke. Yanzu da ake shimfiɗa sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi, maganar ta ƙara zafi. Sai dai ana yin ta kamar wayar hannu ce ta kawo matsalar, alhali ta girmi wayar nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Jirgi ya iso Kano a 1911 ta layin da ya taso daga Baro, wani gari a bakin kogin Neja, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuma a 1964. Ya yi ta jigilar gyaɗa da auduga da fatu da shanu zuwa kudu, unguwanni da kasuwanni suka tsiro kusa da tashoshi. Sunan kasuwar Bakin Dogo a Kaduna ma ya isa shaida.

A wancan zamani babu wanda ya zauna a aji don a koya masa tsoron jirgi, domin jirgin da kansa yake koyarwa. Kullum yana wucewa, ƙasa na girgiza, kwanuka na kaɗawa a ɗaki. Kakata, wadda ta yi zaman aure kusa da layin dogo a Zariya, da kukan jirgi take ɗora tukunyar tuwo. Idan za ta aike ni ƙetaren layi, sai ta riƙe mini kunne ta ce, "Kai ɗan nan, in ka je dogo ka tsaya ka saurara. Jirgi ba ya kauce wa kowa." Ita ma a bakin uwarta ta ji.

Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne shekarun da jirgi ya yi shiru. Daga shekarun 1980 zirga-zirga ta fara ja baya, jirgin da ke zuwa kullum ya koma na jefi-jefi, daga baya a wasu layukan aka yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Ana yawan lissafa asarar da wannan ya jawo wa kasuwanci. Asarar da aka yi a cikin gidaje kuwa babu mai lissafa ta.

Na ga wannan da idona. Layin da Kaka ke ja mini kunne a kansa ya koma hanyar zuwa makaranta, saboda ya fi miƙewa kuma ba ya taɓo da damina. Mata suna shanya kuɓewa da barkono a kan duwatsunsa. Mai awaki ya ɗaure su a jikin ƙarfen, mai gwanjo ya baza kayansa, da yamma dattawa su zauna a kansa suna sauraren rediyo. Mu yara kuma gasa muke yi, wa zai fi daɗewa yana tafiya a kan ƙarfe ɗaya bai faɗo ba. Ba wanda ya tsawata mana, kuma ba sakaci ba ne: me za a tsawatar a kai, tunda ba abin da ke tahowa? Ita kanta Kaka daga baya ta daina riƙe kunnen.

To waɗannan yaran su ne iyayen yau. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan batu babban ma bai hango ba, don a wurinsa dogo wurin wasa ne. A nan igiyar ta tsinke.

A Disambar 2012 jirgin fasinja ya dawo tsakanin Legas da Kano, tafiyar kilomita sama da 1,100 da ke cin kusan awa 30. Ya dawo kan tsohon layinsa, amma ya tarar da garuruwan sun cika sun tumbatsa har bakin ƙarfe. Hankalin jama'a ya fi karkata ga layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186, don shi ne sabo mai ƙyalli. A ganina dawowar 2012 ta fi shafar yara, tunda tsohon layin ne ke ratsa tsakiyar unguwanni, kuma jirgin da ke zuwa jefi-jefi ya fi na kullum yaudara. Sabo turken wawa.

Darasin da ya ɓace ba mai yawa ba ne. Ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, saboda haka jirgi mai nauyi kan yi tafiyar kilomita guda ko fiye bayan an taka birki. Direban na iya ganin yaro sarai amma ba yadda zai yi. Taragu sun fi layin faɗi, wanda ya tsaya dab da gefe yana ganin ya tsira, ƙarfe na iya fizgar rigarsa ko farantin tallarsa. Girman jirgi na sa a ga kamar a hankali yake tahowa, alhali mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Wanda kuma ya toshe kunne da abin jin waƙa ya zubar da rabin abin da Kaka ta ce, wato saurare. 'Yan talla da almajirai da yara makiyaya su suka fi tsallaka layi, kuma da yawansu darasin aji ba zai same su ba sai dai ta tsangaya, ko masallaci, ko bakin mai unguwa.

Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Waɗannan garuruwa ba su taɓa zama da jirgin ƙasa ba. A can ko kakar da za ta tuna yadda ake riƙe kunnen ma babu.