Waiwaye: Sarkin yawa ko sarkin ƙarfi, wa ke cin Tour de France?

Duk shekara idan watan Yuli ya ƙarato, masu sharhi kan tseren keke a Turai sukan shiga lissafi iri biyu. Na farko, wane gwani ne ƙafarsa ta fi ƙarfi bana. Na biyu, su wa za su raka shi. Tour de France zango 21 ce cikin mako uku, tafiyar kilomita dubu uku da 'yan ɗaruruwa, kuma mutum ɗaya ne ke ƙarewa da riga mai ruwan ɗorawa, rigar jagoran gasa. Sunansa kaɗai ake tunawa. Amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Kowace ƙungiya mutum takwas take kawowa, kuma a manyan ƙungiyoyi bakwai daga ciki sun san tun daga gida cewa ba don kansu suka zo ba.

Iska ce ta jawo haka. Mai taka keke da gudun kilomita 40 zuwa 50 a sa'a, yawancin ƙarfinsa wajen keta iska yake ƙarewa. Wanda ya lafe a bayan wani yakan rage wa kansa kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, wanda kuwa ya shige tsakiyar ayari ya fi shi ma hutawa. Don haka aikin yara shi ne su sha iska a madadin ubangida, su koma baya wurin motar ƙungiya su cika riga da gorunan ruwa su kawo, su ba shi tayarsu in ya yi faci, su kuma ja ayarin da gudun da zai hana abokin hamayya motsi. A al'ada, Yuro 500,000 da ake ba zakara rabawa ake yi tsakanin mahaya da makanikai da sauran ma'aikata.

Henri Desgrange, editan jaridar L'Auto da ta ƙirƙiro gasar a 1903, ya tsani wannan tsari. Shi a wurinsa gasar gwajin namiji ce, kowa tasa ta fishe shi. A 1913 ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ta keken Eugène Christophe ya karye yana gangarowa daga dutsen Tourmalet. Ya saɓa keken a kafaɗa ya taka har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera, ya hau gyara da hannunsa, domin doka ta hana kowa taimaka masa. Alƙalan gasa suna tsaye a kansa suna kallo. Hannu biyu ba su isa riƙe ƙarfe da guduma da kuma hura wuta ba, sai wani yaro ya kama masa zuga-zugi. A kan wannan kaɗai aka ci shi tarar minti 10, mutumin da ya riga ya yi asarar sa'o'i.

Duk da wannan tsanani, kamfanonin kekuna da ke biyan mahaya albashi ba su daina haɗa baki ba. A 1929 Maurice De Waele na Beljiyam ya kamu da ciwo yana sanye da rigar, sai yaran kamfanin Alcyon suka kewaye shi, suka riƙe ayari, suka lallaɓa shi har Paris. Desgrange ya fusata, ya ce gawa ce ta ci masa gasa. Shekara na zagayowa ya kori ƙungiyoyin kamfanoni, ya kawo na ƙasashe, Faransa da Beljiyam da Italiya da Jamus da Sifaniya, kowacce mutum takwas, kowa a kan keke iri ɗaya da masu shirya gasa suka bayar. Don samun kuɗin ciyar da su ne aka ƙirƙiro jerin motocin talla da har yau ke wucewa gaban mahaya.

Sai dai garin neman gira ya rasa ido. Abin da mutum zai yi don albashi, ya fi yinsa don tutar ƙasarsa. Faransa ta ci gasa biyar a jere daga 1930 zuwa 1934, kuma a ta ƙarshen aka ga abin da ya zama abin misali. René Vietto, ɗan shekara 20, ya fi kowa iya hawan dutse a shekarar. Ubangidansa Antonin Magne ya lalata taya a tsaunukan Pyrenees, Vietto ya cire tasa ya ba shi, ya zauna kan wata katangar bakin hanya yana kuka yana jiran motar gyara. Washegari yana gaba ya ji Magne ya sake samun matsala a baya, ya juya ya sake hawa dutsen da ya sauko, ya miƙa masa kekensa. Magne ya ci gasa, Vietto ya zo na biyar.

Kamfanoni sun dawo a 1962, an ɗan koma ƙasashe a 1967 da 1968, daga 1969 kuma har yau sunan mai ɗaukar nauyi ne a ƙirjin riga. Zamanin Eddy Merckx, wanda ya ci sau biyar tsakanin 1969 da 1974, ba ya buƙatar dogon bayani: yana da yara masu biyayya, amma shi da kansa yake fita ya yi ɓarnar.

Darasin da ya fi amfani ga masu lissafin yau na 1986 ne. Attajiri Bernard Tapie ya tara gwanaye biyu a ƙungiyarsa ta La Vie Claire, Bernard Hinault na Faransa da Greg LeMond na Amurka. A 1985 LeMond ya danne zuciyarsa ya taimaki Hinault ya ci ta biyar, Hinault kuma ya yi alkawarin ramawa. Da aka zo 1986 sai ga Hinault ya kai farmaki a hanyar garin Pau, ya ba LeMond ratar fiye da minti biyar. Ya ce wai abokan hamayya yake gajiyarwa. Ƙungiyar ta rabu gida biyu. Hinault da LeMond sun isa saman dutsen Alpe d'Huez hannu cikin hannu ana ɗaukar hoto, amma LeMond bai daina waiwaye ba sai da ya isa Paris a matsayin Ba'amurke na farko da ya ci. A takarda babu ƙungiyar da ta kai su, kuma babban abokin gabar LeMond a tebur ɗaya suke cin abinci.

Miguel Indurain da ƙungiyar Banesto, daga 1991 zuwa 1995, salonsu mai sauƙi ne: ya ci rata a tseren agogo, inda kowa ke fita shi kaɗai, yara su tsare masa ita a kan duwatsu. Bayansa aka shiga shekarun Lance Armstrong da ƙungiyar US Postal, inda ƙarfin ƙungiya ya haɗa da likita da allura. A 2012 aka ƙwace nasarorinsa bakwai, aka bar gurbin 1999 zuwa 2005 babu sunan kowa. Duk mai yabon wata ƙungiya da ta fi ƙarfin kowa, ya kamata ya riƙa tuna wannan gurbi.

Ƙungiyar Sky ta Birtaniya, ƙarƙashin Dave Brailsford, ita ta kai tsarin maƙura. Takan sayi mutanen da a wani wuri su ne iyayen gida, ta jera su ɗaya bayan ɗaya a gindin dutse, kowa idonsa kan na'urar auna ƙarfi da ke maƙale a kan keke, ya ja har ƙarfinsa ya ƙare ya kauce, na baya ya karɓa. Babu mai iya farmaki a irin wannan gudu. Bradley Wiggins ya ci a 2012, Chris Froome haifaffen Nairobi ya ci sau huɗu, Geraint Thomas a 2018, Egan Bernal na Kolombiya a 2019 bayan sunan ya koma Ineos. Bakwai cikin takwas ke nan. 'Yan kallo sun ƙosa, gaskiya kuma kallon ba daɗi. A 2018 aka rage mahayan kowace ƙungiya daga tara zuwa takwas, da fatan riƙe ayari zai yi wuya. A shekarar Sky ta ɗauki na ɗaya da na uku. Amma a lura da shekarar da ta kuɓuce musu: a 2014 Froome ya faɗi ya fita tun a zango na biyar, duk jerin gwanon bai tsinana komai ba, Vincenzo Nibali ya yi gaba da rigar.

Shekaru shida daga 2020 zuwa 2025 su ne suka fi fayyace batun, domin ƙungiyoyi biyu ne kawai suka yi musayar rigar: Jumbo-Visma ta Holan, wadda a 2024 ta koma Visma-Lease a Bike, da UAE mai samun kuɗi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

A 2020 Jumbo ta riƙe gasar gam har mako uku. Gwaninta Primož Roglič ya shiga zango na 20 da ratar daƙiƙa 57. Zangon kuwa tseren agogo ne zuwa saman La Planche des Belles Filles, inda ba yaro ba rakiya. Tadej Pogačar na UAE, ɗan Sloveniya kamar Roglič, wanda ƙungiyarsa ta yi asarar mutane a hanya har kusan a bayan yaran Jumbo ya yi ta fakewa, ya juye lissafin, ya ci gasa da daƙiƙa 59 ana jibi ko gobe zai cika shekara 22. Kuskuren Jumbo shi ne ta yi ta ja da gudun da bai cutar da shi ba.

Ta koyi darasi. Ranar 13 ga Yulin 2022, a zango na 11, tun ana nesa da ƙarshe, a kan hanyar dutsen Galibier, gwanayen Jumbo biyu, Roglič da Jonas Vingegaard na Denmark, suka sa Pogačar a tsakiya. Wannan ya tashi, ya bi shi ya kamo. Kafin ya numfasa ɗayan ya tashi. Ba shi da wanda zai aika, domin korona ta riga ta fara cinye masa yara, don haka kowane farmaki da ƙafarsa ya amsa. Ya ma yi wa kyamara murmushi a kwari. Da aka kama dutsen ƙarshe, Col du Granon, Vingegaard ya tafi, sai aka ga Pogačar ya zuge zif ɗin riga, kai a sunkuye, waɗanda bai saba ganin bayansu ba suna wuce shi. Minti 2 da daƙiƙa 51 ya rasa a ranar. A dutsen Hautacam kuma Wout van Aert na Jumbo, ƙaton da ke sanye da koriyar rigar masu gudun fili, shi ya ja har Pogačar ya saki. UAE da mutum huɗu ta isa Paris. Idan ana neman shekarar da sarkin yawa ya kayar da sarkin ƙarfi, ita ce wannan.

Na 2023 ana yawan jingina shi ga ƙungiya, ni kuwa ban yarda ba. Pogačar ya karya tsintsiyar hannu a watan Afrilu, shirinsa ya ragu. Mummunar ratar farko a tseren agogo na Combloux ta zo, minti 1 da daƙiƙa 38, kuma a can ba wanda ya tare wa Vingegaard iska. Washegari Pogačar ya ƙarasa rushewa a Col de la Loze. UAE ba ta da rauni a shekarar, tunda Adam Yates nata ne ya zo na uku. Inda ƙarfin Jumbo ya fito fili shi ne cinye manyan gasanni uku na shekarar, Giro ta Italiya da Tour da Vuelta ta Sifaniya, da mutum uku daban-daban. A Vuelta ma sai da tsohuwar cutar 1986 ta leƙo, lokacin da yaron gida Sepp Kuss ya sa rigar jagora, iyayen gidansa biyu suka bar shi a baya a kan dutsen Angliru, kafin ƙungiya ta tsawatar a bar masa.

A 2024 abin ya juya. Vingegaard ya yi mummunar faɗuwa a yankin Basque a watan Afrilu, ƙashin kafaɗa da haƙarƙari suka karye, huhu ya taɓu, korona kuma ta hana Kuss zuwa. Pogačar ya ci zango shida, ya ba da ratar minti 6 da daƙiƙa 17, yaransa João Almeida da Adam Yates suka zo na huɗu da na shida. A wannan shekara ce Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku da koriyar riga tare da Intermarché-Wanty, ƙungiyar da aljihunta bai kama ƙafar na manyan ba. Ba kowa ne ke zuwa neman riga mai ruwan ɗorawa ba.

Gasar 2025 ce ta fi ba masu lissafin takarda kunya. Visma ta zo da Simon Yates da ya ci Giro makonni kaɗan kafin nan, da Kuss, da Matteo Jorgenson, da van Aert. UAE kuwa ta rasa Almeida, babban mai rakiyar dutse, tun a zango na tara. Visma ta yi ta matsa lamba don ta maimaita 2022. A Hautacam sai Jhonatan Narváez na UAE ya ja na ɗan lokaci, Pogačar ya tashi tun kusan gindin dutsen, ya isa sama da ratar minti 2 da daƙiƙa 10. Visma ta ɗauki kyautar ƙungiya mafi kyau, Pogačar ya ɗauki gasarsa ta huɗu da minti 4 da daƙiƙa 24. Abin da na gani a waɗannan shekaru shi ne, ƙungiya tana yanke hukunci ne idan gwanayen biyu sun yi kusa da juna, kuma idan tana da mutum biyu da abokin hamayya ba zai iya ƙyale ko ɗaya ya tafi ba. A 2022 dole Pogačar ya bi Roglič. A 2025 babu wani a Visma, in ban da Vingegaard, da ya zama masa dole.

Gasar 2026 an tsara ta fara a Barcelona ranar 4 ga Yuli, da tseren agogo na ƙungiya-ƙungiya. Burin Pogačar a gasar shi ne nasara ta biyar, ya shiga sahun Jacques Anquetil da Merckx da Hinault da Indurain. Juan Ayuso, wanda bai ji daɗin zaman yaro ba, ya bar UAE ya koma Lidl-Trek, amma UAE na da Isaac del Toro na Meziko da ya zo na biyu a Giro ta 2025. Sabon abin dubawa shi ne Red Bull-Bora-Hansgrohe, wadda ta ɗauko Remco Evenepoel na Beljiyam ta haɗa shi da Florian Lipowitz na Jamus. Evenepoel ya zo na uku a Tour ta 2024, Lipowitz a ta 2025. Evenepoel shi ne wanda ya kamo Pogačar ya wuce shi a tseren agogo na gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, sai dai a Tour ta shekarar ya ajiye keke a kan Tourmalet, kuma kwana kaɗan bayan abin Kigali Pogačar ya rama a babban tseren. Mutum biyu da za su iya sa Pogačar a tsakiya ke nan, muddin ɗaya ya yarda ya ƙone don ɗaya, kuma babu wanda aka ɗauko a cikinsu da sunan yaro. Zango na 19 da na 20 duka a saman Alpe d'Huez aka tsara su ƙare.