Ƙwayoyin jinin ɗan adam da aikin kowacce

Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, fiye da rabinsa ruwa ne fatsi-fatsi da ake ce ma filasma, sauran kuma ƙwayoyi ne iri uku da ɓargon ƙashi yake ƙerawa dare da rana: ja, fara, da ta daskarar da jini. Su ake ƙirgawa a takardar nan ta gwajin jini, wato NFS, da likita yake rubuta ma mutum a Garwa ko Marwa ko Njamena.

Jajayen su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, wajen miliyan 5 a ɗigon da bai kai kan allura ba. Cikinsu cike yake da himogilobin, sinadari mai ƙarfe da yake ɗauko iskar oksijin daga huhu ya kai ma tsoka da ƙwaƙwalwa. Kowacce tana yin kwana 120, in ta tsufa saifa ta tsince ta. To in ka ji an ce yaro "ba shi da jini" su ɗin ne suka ragu, kuma a nan wajenmu da damina yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, don ƙwayar cutar cikin jajayen take shiga ta hayayyafa ta fasa su, sai ka ga tafin hannun yaro da cikin idonsa sun yi fari fat, wallahi wannan ba abin jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar. Mai sikila kuwa jajayen ƙwayoyinsa lanƙwashewa suke kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, kwana 10 zuwa 20 sun mutu.

Fararen ba su da yawa, 4,000 zuwa 11,000 a wannan ɗigon dai, amma su ne dakarun jiki, kashi biyar ne. Nutirofil ne kan gaba, suna haɗiye bakteriya, mugunyar da ke fita a maruru ma yawanci gawarsu ce. Limfosit su ne masu riƙe kamannin cuta, shi ya sa rigakafin ƙyanda yake aiki shekara da shekaru, kuma wani jinsinsu CD4 shi ƙanjamau yake kashewa. Iyosinofil kan hau in akwai tsutsa, kamar tsargiyar da yara ke kwasowa a ruwan gonakin shinkafa na Yagwa. Sai monosit da basofil.

Na ukun, filatilet, ɓarɓashi ne da suka ɓalle daga manyan ƙwayoyin ɓargo, kwanansu 7 zuwa 10. In wuƙa ta yanke ka su ke rugawa su manne a bakin ciwon. In sun yi ƙasa sosai sai haɓo da zubar jini a dasashi.