Me ake nufi idan aka ce jiki ya daina jin homon?

Wanda gidansa ke maƙwabtaka da injin niƙa, ranar farko ƙara takan hana shi sakat. Bayan wata guda kuwa, sai baƙo ya yi magana yake tuna injin na aiki. Ƙwayoyin halittar jiki ma haka suke yi wa homon, wato sinadarin da jini ke ɗauka ya kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata.

Homon da yawa ba sa shiga cikin ƙwaya. A bakin ƙofa suke tsayawa, su maƙale a jikin wani furotin da aikinsa karɓar saƙo, wato makarɓi. Idan saƙon ya yi ta zuwa ba hutu, cikin 'yan mintuna sai ƙwayar ta liƙa wa makarɓin sinadarin fosfet, wani furotin mai suna arestin ya zo ya toshe shi, sannan a janye shi ciki. In an sarara, sai a mayar da shi bakin aiki. In kuwa aka ɗauki sa'o'i ko kwanaki, narkar da shi take yi, makarɓan su ragu. Homon na nan fal a jini, mai saurare ne ya yi ƙaranci. Binciken waɗannan makarɓa ya jawo wa Robert Lefkowitz da Brian Kobilka kyautar Nobel a 2012.

A 1978 Ernst Knobil da abokan aikinsa a Amurka sun gwada homon da ke tayar da sinadaran haihuwa a jikin birai. Da suka riƙa ba su kaɗan-kaɗan duk bayan awa ɗaya, ya yi aiki. Da suka riƙa ɗura musu shi ba tsayawa, sai komai ya lafa. Da wannan dabarar ake rage homon na maza ga masu kansar furostet (wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) a yau.

Inda abin ya fi damuna shi ne ɗakin haihuwa. Ruwan naƙuda homon ne, oksitosin. Idan mace ta daɗe ana ɗura mata shi, mahaifa na iya yin kunnen ƙashi, ta kasa tsukewa bayan jariri ya fito, jini ya ɓalle. Shi ya sa za ka ga ungozomar asibiti tsaye tana ƙirga ɗigon ruwan, hannunta ɗaya a kan cikin mai naƙuda, idonta kan agogo.